Bob Iger: An sayi kamfaninsu sau biyu kafin ya fara sayen na wasu

A watan Satumban 2005 aka buɗe wurin shaƙatawa na Disneyland a Hong Kong. Cikin manyan baƙin da suka tsaya kallon jerin gwanon ranar akwai Robert Iger, wanda kowa ke kira Bob, saura 'yan makonni ya karɓi ragamar kamfanin Disney baki ɗaya. Motocin ado suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ɗauke da taurarin kartun da yaran duniya suka haddace. Ga na zamanin Walt Disney kansa, ga na shekarun 1990 irin su The Lion King da Aladdin. Da aka zo kan na baya-bayan nan, sai Iger ya lura da abin da ya tayar masa da hankali: kusan duk sababbin taurarin da yara ke yi wa ihu daga Pixar suka fito, wani kamfani da ke Emeryville a jihar Kaliforniya, wanda Steve Jobs ke riƙe da shi, kuma wanda a lokacin ba ya ga-maciji da Disney. Ɗakin zanen Disney na gida ya shafe kusan shekara goma bai haifar da wani tauraro na kirki ba.

A zamansa na farko da kwamitin daraktoci a matsayin shugaba, ya kawo shawarar a sayi Pixar. Ba a cika wata huɗu ba aka sanar da cinikin, a kan dala biliyan 7.4.

Masu sharhin kasuwanci sukan fara labarin Iger daga nan, su jera kamfanonin da ya saya da kuɗin da ya biya. Amma kuɗi ba shi ne abin mamakin ba, domin manyan kamfanonin Amurka da dama sun kashe fiye da haka sun sayo abin da ya mutu a hannunsu. Abin tambaya shi ne yadda aka yi mutane irin su Steve Jobs da George Lucas mai Star Wars, waɗanda ba sa amince wa kowa da abin da suka gina, suka miƙa wa wannan mutum. Amsar tana cikin shekaru talatin da ya yi kafin ranar ta Hong Kong, yawancinsu a gidan talabijin na ABC, inda aka sayi kamfanin da yake wa aiki har sau biyu yana ciki. Wanda ya taɓa zaman riƙo a gidan wani ya san abin da ɗan riƙo yake ji ranar da aka kawo shi.

Ɗan aike a ABC

An haife shi a birnin New York a watan Fabrairun 1951, ya tashi a Oceanside da ke Long Island. Mahaifinsa ya yi aikin tallace-tallace, amma rashin lafiyar ƙwaƙwalwa mai zuwa tana tafiya ta hana shi zama a wurin aiki ɗaya, don haka gidan bai taɓa samun wadata mai ɗorewa ba. Iger ya yi aikin sharar makaranta a lokacin hutu, ya kuma gasa fiza a lokacin da yake karatun harkar talabijin da rediyo a Kwalejin Ithaca, inda ya gama a 1973. Burinsa ya zama mai karanta labarai. Abin da ya samu shi ne karanta hasashen yanayi a wata 'yar ƙaramar tasha a garin Ithaca, kuma bai daɗe ba ya gane cewa gaban kyamara ba wurinsa ba ne.

A 1974 ya shiga ABC a New York, albashinsa dala 150 a mako. Sunan muƙamin mai kula da sitidiyo, amma aikin na ɗan aike ne: ya zo tun kafin asuba ya buɗe wa masu haɗa fitilu ƙofa, ya tabbatar kafintoci da masu kwalliya sun iso, ya duba ko abinci ya zo, ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. A wannan shekarar ABC ta watsa wasan mawaƙi Frank Sinatra kai tsaye daga Madison Square Garden, sai aka aiki Iger kanti da gudu ya sayo wa mawaƙin ruwan kurkure baki. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa ya miƙa masa, Sinatra ya tambayi sunansa ya ba shi takardar dala 100. Ba ƙaramin abu ba ne ga wanda albashinsa na mako bai kai ninki biyu na hakan ba.

Saura kaɗan tafiyar ta ƙare tun a nan. Ya gano cewa shugaban sashensu yana amfani da ma'aikata da kayan kamfani wajen hidimar kansa, ya fara tambayoyi, sai aka sanar da shi cewa ba shi da sauran ƙarin girma a sashen, ya nemi wani wuri cikin mako biyu ko ya kama gabansa. A allon sanarwar guraben aiki ya ga akwai wuri a sashen wasanni. Can ya faɗa hannun Roone Arledge.

Duk wanda ke kallon wasa a talabijin yau yana cin gajiyar Arledge ko bai san sunansa ba. Shi ne ya kafa shirin Wide World of Sports da Monday Night Football, shi ne ya yayata maimaita hoton wasa a hankali, da sa kyamara a wuraren da ba a saba ba, da ba da labarin ɗan wasa tun daga gidansu kafin a nuna shi a fili, domin mai kallo ya damu da wanda zai ci. Mutum ne mai wuyar sha'ani. Yana iya rushe shirin da aka kwana ana haɗawa saura sa'o'i a watsa shi, ya ce a sake. Iger ya ɗauki ƙin yarda da aikin “ya isa haka” daga wurinsa, amma ya kuma ga yadda halin ke gajiyar da na ƙasa, ya riƙe duka biyun.

Aikin wasanni ya kai shi ƙasashe da dama yana neman izinin watsa gasa. A 1979 aka yi gasar ƙwallon tebur ta duniya a Pyongyang, Arledge ya ce yana so. Dokar Amurka ta hana biyan Koriya ta Arewa ko sisi, sai Iger ya bi ta hannun hukumar ƙwallon tebur ta duniya ya sayi izinin a wurinta, ma'aikatan ABC suka shiga ƙasar da 'yan jaridar Amurka suka daɗe ba su taka ba.

Saye na farko

A watan Maris na 1985 labari ya fito cewa Capital Cities, wani kamfani mai tashoshin jihohi da jaridu wanda bai kai ABC girma ko kusa ba, zai sayi ABC a kan dala biliyan 3.5, da taimakon kuɗin attajiri Warren Buffett. Ma'aikatan ABC sun raina sababbin iyayen gidan nasu. Shugabannin Capital Cities, Tom Murphy da Dan Burke, mutane ne masu tsumulmular kuɗi, ba ruwansu da ƙyale-ƙyalen Hollywood, kuma da zuwansu suka datse motocin alfarma da sauran jin daɗin manya. Iger kansa ya kusa ajiye aiki. Abin da ya tsayar da shi ƙarin girma ne da aka yi masa a sashen wasanni, abin da ya riƙe shi kuwa halin mutanen biyu ne. Tsarinsu mai sauƙi ne: ka ɗauki mutumin kirki, ka gaya masa iyakar kuɗin da zai kashe, ka bar shi ya yi aikinsa. Ba sa yi wa na ƙasa ƙarya, ba sa son fadanci.

Gwajinsa ya zo a Fabrairun 1988, a wasannin Olamfik na hunturu a Calgary ta Kanada, waɗanda ABC ta biya dala miliyan 309 don ta watsa. Iger ne ke tsara abin da za a nuna a kowace sa'a. Ana cikin gasa sai wata iska mai ɗumi ta sauko daga duwatsu, ƙanƙara ta fara narkewa, aka riƙa ɗage wasanni ɗaya bayan ɗaya, ga sa'o'in da aka riga aka sayar wa masu talla babu abin sakawa. Kowace safiya sai an sake jadawali. Da labaran gefe aka cike giɓin, irin na 'yan Jamaika da suka zo tseren keken ƙanƙara daga ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, da ɗan Ingilan nan Eddie Edwards da ya zo na ƙarshe a tsalle amma ya fi masu lambar zinariya farin jini. Jama'a sun kalla sosai. Murphy da Burke suna wurin, kuma abin da suka gani shi ne mutumin da komai ke rushewa a kansa bai ɗaga murya ba.

Shekara guda bayan haka, a 1989, suka tura shi Los Angeles ya shugabanci sashen nishaɗi na ABC, wato shi zai zaɓi wasannin kwaikwayon da miliyoyin Amurkawa za su kalla kowane dare. Yana da shekara 38, kuma bai taɓa aikin tantance rubutun wasan kwaikwayo ba. Bai ɓoye hakan ba. Ya zauna da mataimakansa biyu, Stu Bloomberg da Ted Harbert, waɗanda kowannensu ya fi shi sanin aikin, ya ce su koya masa.

Shekaru huɗun da ya yi a wannan kujera su ne suka fi nuna irin shugaban da zai zama. Ya tsaya kai da fata a saka Twin Peaks na David Lynch, wani baƙon wasa mai rikitarwa da manyan kamfanin a New York suka kalla suka kasa gane kansa. Da aka fara nuna shi a Afrilun 1990, mutum kusan miliyan 35 suka kalla, kuma daga ranar manyan daraktocin fim suka fara ɗaukar wayar ABC. Daga baya Iger ya matsa wa Lynch ya bayyana wanda ya kashe yarinyar da labarin ke kewaye da ita, aka bayyana, wasan ya rasa armashinsa, aka dakatar da shi a 1991. A shekarar 1990 ɗin dai ya amince wa Steven Bochco ya yi Cop Rock, wasan 'yan sanda da ake tsayawa tsakiyar bincike a rera waƙa. Kashi 11 aka nuna aka rufe. Iger ya fito gaban ma'aikatan ya ɗauki laifin, bai jingina wa Bochco ba. Bochco ɗin ne ya kawo masa NYPD Blue a 1993, wanda tashoshin jihohi fiye da 50 suka ƙi nunawa da farko saboda zafin harshensa, amma ya yi shekara 12 ana yi.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba wanda ya kula da shi a lokacin. George Lucas ya kawo wa ABC wasan The Young Indiana Jones Chronicles a 1992. Bai samu 'yan kallo yadda aka so ba, kuma bisa lissafin talla ya kamata a yanke shi. Iger ya ba shi zango na biyu, don yana ganin wanda ya zuba ƙoƙari irin wannan ya cancanci a sake ba shi dama. Lucas bai manta ba.

Saye na biyu

Zuwa 1994 Iger ya zama na biyu a Capital Cities/ABC, kuma kowa ya san shi Murphy ke shirya wa kujerar. Sai a ƙarshen Yulin 1995 aka sanar cewa Disney ta sayi kamfanin a kan dala biliyan 19, har da tashar wasanni ta ESPN da ke cikinsa. Shugaban Disney, Michael Eisner, ya sa sharaɗin Iger ya zauna. Mutumin da saura ƙiris ya zama mai gida ya koma ma'aikaci a gidan wasu.

Wannan sayen ya sha bamban da na farko. Eisner gwani ne, shi ya tayar da Disney daga suma tun 1984, amma komai sai ya bi ta hannunsa. Akwai wani sashen tsare-tsare a hedikwata da ke tantance kowace shawarar kashe kuɗi ta kowane reshe, har shugabannin rassa suka zama masu jiran izini. Mutanen ABC da suka saba a ba su amana sai suka ga ana binciken aljihunsu. Eisner ya kawo abokinsa Michael Ovitz ya ɗora a kan Iger a matsayin shugaba na biyu, zaman bai yi daɗi ba, bayan wata 14 aka sallame shi da kuɗin sallama kusan dala miliyan 140. Iger ya yi shiru ya ci gaba da aiki. A 1999 aka ba shi harkokin Disney na ƙasashen waje, a 2000 ya zama na biyu ga Eisner.

Kada a ɗauka shekarun nan na nasara ne. ABC, wadda ke ƙarƙashin kulawarsa, ta samu shirin kacici-kacici na Who Wants to Be a Millionaire a 1999, ta riƙa saka shi dare da dama a mako har jama'a suka ƙosa, ta wayi gari a bayan sauran manyan tashoshi. Sai a 2004 Lost da Desperate Housewives suka farfaɗo da ita. A daidai lokacin kuma gidan ya kama da wuta: Roy Disney, ɗan wan Walt, ya fice daga kwamitin daraktoci a ƙarshen 2003 ya buɗe yaƙin a cire Eisner, Steve Jobs ya sanar a Janairun 2004 cewa Pixar ta daina tattaunawa da Disney, kamfanin kebul na Comcast ya kawo tayin haɗiye Disney a Fabrairu, a taron masu hannun jari na Maris a Philadelphia kuma kashi 43 cikin ɗari suka ƙi mara wa Eisner baya.

Ba a ba Iger wata dama ba a wannan yanayi. Jaridu suna kallonsa a matsayin yaron Eisner, mai ladabi da kyan kwat amma ba shi da ra'ayin kansa. Watanni shida kwamitin yana kiransa ganawa yana sake kira. Dabarar da ta fisshe shi ita ce ƙin tsayawa kare abin da ya wuce, ya taƙaita abin da zai yi a abu uku: zuba kuɗi a ƙirƙirar fina-finai da shirye-shirye masu inganci, rungumar sabuwar fasaha maimakon tsoronta, da faɗaɗa kasuwa zuwa wajen Amurka. A Maris 2005 aka ba shi, ya kama aiki a Oktoba.

Yadda ya yi saye

Kafin ma ya zauna a kujerar ya rusa ƙarfin sashen tsare-tsaren nan, ya mayar wa rassa ikonsu. Ya nemi Roy Disney suka sasanta. Ya ɗaga waya ya kira Jobs. Bai fara da maganar Pixar ba. Ya fara da abin da ya san Jobs na so: a Oktoban 2005, da Apple, wadda Jobs ke shugabanta, ta fito da iPod mai nuna bidiyo, Iger ya hau dandamali tare da shi ya sanar cewa za a sayar da Lost da Desperate Housewives a iTunes, kowane kashi dala 1.99, kwana ɗaya bayan an nuna a talabijin. Cikin 'yan kwanaki aka ƙulla wannan yarjejeniya, a kamfanin da Jobs ya sani da jan ƙafa na watanni. Tashoshin jihohi da ke watsa shirye-shiryen ABC sun fusata, domin sun fahimci inda abin ya dosa.

A cinikin Pixar ne darasin saye biyun nan ya fito fili. An rubuta a takarda cewa sunan Pixar zai zauna a ƙofar Emeryville, ma'aikatanta za su ci gaba da aiki ba tare da an ɗaure su da kwantiragi ba kamar yadda suka saba, al'adun gidansu ba za a taɓa ba. Sannan Iger ya yi abin da mai saye bai cika yi ba: ya ɗauko shugabannin kamfanin da aka saya, John Lasseter da Ed Catmull, ya ɗora su a kan ɗakin zanen Disney mai tarihi tun 1923. Ranar da za a sanar, 24 ga Janairun 2006, Jobs ya ja shi gefe ya gaya masa a asirce cewa ciwon dajinsa ya dawo, ya ba shi damar janyewa. Iger bai janye ba. Jobs ya zama mutumin da ya fi kowa yawan hannun jari a Disney, ɗakin zanen kuma ya farfaɗo har ya fitar da Tangled a 2010 da Frozen a 2013. (A wannan shekarar ta 2006 ne ma ya yi wata musaya da ba a taɓa jin irinta ba: ya saki mai sharhin wasanni Al Michaels ya koma NBC, a madadinsa aka dawo wa Disney da Oswald, zomon kartun da aka ƙwace wa Walt Disney a 1928.)

Marvel, mai labaran jarumai irin su Spider-Man, ta biyo baya a 2009 a kan kusan dala biliyan 4, lokacin da masu sharhi ke cewa an yi wauta tunda izinin fim na Spider-Man da X-Men yana hannun wasu kamfanoni. Jobs da kansa ya kira mai Marvel, Ike Perlmutter, ya shaida masa cewa Iger ya cika alkawarin da ya yi wa Pixar. Da rikici ya ɓarke tsakanin Perlmutter da furodusa Kevin Feige, Iger ya raba su a 2015, ya kuma ture tsohuwar hujjar cewa fim mai jarumai baƙaƙen fata ba ya kasuwa a duniya. Black Panther ya fito a 2018 ya tara fiye da dala biliyan 1.3. A ganina wannan na cikin abubuwan da za a daɗe ana tuna shi da su, domin hujjar da ya ture ta daɗe tana rufe wa mutane ƙofa.

Lucas ya sayar masa da Lucasfilm da Star Wars a 2012 a kan dala biliyan 4.05, kuma zangon nan na biyu da aka ba shi shekara 20 baya yana cikin abin da ya sa ya amince. Sai dai a nan amanar ta samu tabo. Lucas ya miƙa tsarin labaran da yake so a ci gaba da su, aka karɓa, aka yi sabon fim ɗin Star Wars na 2015 ba tare da su ba. Fim ɗin ya haura dala biliyan 2, amma Lucas ya ji an yaudare shi, Iger kuma ya amsa daga baya cewa bai bi da lamarin yadda ya kamata ba.

A Yunin 2016 ya buɗe Disneyland ta Shanghai bayan kusan shekara 18 ana tattaunawa da hukumomin Sin. Amma tun kafin nan ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashin sana'ar da ta raine shi. A Agustan 2015 ya faɗa wa masu zuba jari cewa ESPN ta fara rasa masu biyan kuɗin kebul, hannayen jarin kamfanonin watsa labarai suka faɗi a makon. Matasa sun koma Netflix. Iger ya yanke shawarar janye fina-finan Disney daga can ya gina nasa dandalin kallo ta intanet, ko da zai rasa kuɗin haya masu yawa. Don ya cika rumbun ne ya nemi 21st Century Fox ta Rupert Murdoch. An fara da dala biliyan 52.4, Comcast ta shigo takara, aka ƙare a 71.3 a 2019. Disney+ ta buɗe ranar 12 ga Nuwamban 2019, mutum miliyan 10 suka yi rajista a rana guda.

Fox ba ta samu irin tarbar da Pixar ta samu ba. An sallami dubban ma'aikata, an cire sunan Fox daga sitidiyon, an rufe ɗakin kartun na Blue Sky a 2021, bashi mai nauyi kuma ya hau kan Disney. Girman cinikin ya fi ƙarfin salon da ya yi masa suna.

Kujerar da ta ƙi sakuwa

Sau da dama Iger yana sa ranar ritaya yana ɗagawa. Waɗanda aka ɗauka magada ne suka riƙa ficewa: Jay Rasulo a 2015, Tom Staggs a 2016. Kwatsam ranar 25 ga Fabrairun 2020 ya sanar ya sauka, ya miƙa wa Bob Chapek, shugaban wuraren shaƙatawa. Makonni kaɗan bayan haka annobar korona ta rufe wuraren shaƙatawar da gidajen silima. Iger bai tafi ba, ya zauna a matsayin shugaban kwamitin daraktoci har ƙarshen 2021, kuma zaman mutum biyu a kan ragama ɗaya bai yi wa kowa daɗi ba. Chapek ya yi nasa kurakuran: rigima a fili da jaruma Scarlett Johansson kan kuɗinta, tangal-tangal a rikicin siyasar jihar Florida, da ƙwace ikon kashe kuɗi daga hannun masu ƙirƙira ya tara a ofishi ɗaya, wato ainihin abin da Iger ya rusa a 2005. Da sashen kallo ta intanet ya yi asarar kusan dala biliyan 1.5 a wata uku, kwamitin ya sallame shi ranar 20 ga Nuwamban 2022 ya dawo da Iger yana da shekara 71.

Laifin wannan ba na Chapek kaɗai ba ne. Iger ne ya zaɓe shi, Iger ne kuma ya yi shekara 15 bai bar wani ya girma kusa da shi ba. Murphy da Burke sun ɗauki mai shekara 38 da bai san aikin ba suka ba shi amana suka koma gefe. Shi bai yi wa kowa haka a kan babbar kujerar ba.

Dawowar ta zo da ɗaci. A farkon 2023 ya sanar da sallamar ma'aikata 7,000 da rage kashe kuɗi na dala biliyan 5.5. A watan Yuli, marubutan Hollywood suna yajin aiki 'yan wasa kuma suna shirin shiga, ya yi hira da CNBC daga taron attajirai na Sun Valley ya ce buƙatunsu ba su dace da halin da ake ciki ba. Maganar ta yi wa mutane ciwo, kuma suna da gaskiya. Wanda aka biya dala miliyan 65.6 a 2018, abin da jikar gidan, Abigail Disney, ta fito ta soka, bai kamata ya manta da ɗan aiken da ke buɗe ƙofa kafin asuba ba. Daga baya ya shiga zaman sulhun da kansa har aka daidaita. A hirar nan dai ya ce mai yiwuwa tashoshin talabijin irin su ABC ba sa cikin ginshiƙan Disney na gaba, maganar da ta girgiza ma'aikatan gidan da ya shiga a 1974, ko da yake bai sayar da ita ba.

A Afrilun 2024 ya kayar da attajiri Nelson Peltz a ƙuri'ar masu hannun jari, a shekarar kuma sashen kallo ta intanet ya fara kawo riba. Neman magaji a wannan karon kwamitin daraktoci ya riƙe shi a hannunsa, ƙarƙashin James Gorman, tsohon shugaban bankin Morgan Stanley. Cikin waɗanda aka fi ambata akwai Dana Walden, wadda ta taso ta hanyar talabijin kamar Iger. A Fabrairun 2026 kwamitin ya zaɓi magaji, Josh D'Amaro, wanda a lokacin yake shugabantar wuraren shaƙatawa da jiragen ruwan yawon buɗe ido, sashen da ya fi kowane kawo wa Disney riba.